Dokar ta-ɓaci: a hannun wa mabuɗin fita yake?

Idan bam ya tashi a tsakiyar birni, ko 'yan tawaye suka kama wani yanki, ko aka yi yunƙurin juyin mulki, kafin ƙura ta lafa gwamnati kan fito da buƙata guda: a ƙara mata iko. A bar ta ta kama mutum ta tsare ba tare da kai shi kotu ba, ta saurari wayoyin jama'a, ta hana taro, ta toshe intanet. Jama'a kuma a cikin firgici sukan ce a ba ta. Duk wanda ya ɗaga murya a irin wannan lokaci yana tambayar ina iyakar ikon, sai a yi masa kallon marar kishin ƙasa, ko ma a ce yana goyon bayan maharan.

Dole a fara da faɗin gaskiya ga ɓangaren gwamnati. Barazanar tsaro aba ce ta zahiri, kuma wanda aka kashe babu wani 'yanci da ya rage masa. Akwai ranar da jira ya zama ganganci, akwai bayanin da in aka faɗe shi a fili abokin gaba ne zai fara amfana. Dokar ƙasa da ƙasa ma ta yarda da haka. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin ɗan ƙasa da na siyasa, wadda aka amince da ita a 1966 ta fara aiki a 1976, kuma ƙasashe fiye da 170 suka shiga cikinta, ta ba gwamnati dama a sashe na 4 ta jingine wasu haƙƙoƙi idan rayuwar ƙasa na cikin haɗari. Sai dai ta gindaya sharuɗɗa. A ayyana halin a hukumance, a sanar da sauran ƙasashe ta hannun Babban Sakatare, kada matakin ya wuce abin da halin ya tilasta, kuma kada a ware wasu saboda launin fata ko addini ko harshe kawai. Sannan ta keɓe wasu abubuwa da ba a taɓa su ko ana ruwan harsashi: ba a kashe mutum haka kawai, ba a azabtar da shi, ba a bautar da shi, ba a hukunta shi da dokar da aka kafa bayan ya aikata abin, ba a tilasta masa barin abin da ya yi imani da shi. Yarjejeniyar Afirka ta 1981 ma ba ta buɗe ƙofar jingine haƙƙi ba kwata-kwata, kuma hukumar da ke kula da ita ta faɗi haka a wata ƙara da ta shafi Chadi a 1995, lokacin da ƙasar ke kafa hujja da yaƙin basasa.

To, a kan takarda an gama magana. Matsalar tana wajen aiki, kuma a nawa ganin ta taru a tambayoyi biyu da ba a cika yin su a ranar farko ba. Wa ke da ikon cewa ta-ɓacin ta ƙare? Wa kuma, ban da gwamnatin kanta, zai ga hujjar da ta dogara da ita?

Rumawan da sun gane tambaya ta farko tun kafin haihuwar Annabi Isa. Idan yaƙi ya tsananta sukan naɗa mutum guda su damƙa masa iko kusan duka, amma wa'adinsa wata 6 ne, kuma ba shi ke naɗa kansa ba. Majalisar dattawa ce ke cewa lokaci ya yi, wani babban jami'i ya yi naɗin. Mai cewa an shiga haɗari daban, mai karɓar ikon daban. Tsarin ya yi ƙarni da dama yana aiki, amma daga baya Yuliyas Kaisar ya sa aka ba shi muƙamin na har abada, shekara 44 kafin miladiyya. Daga nan jamhuriyar ba ta sake miƙewa ba.

Yawancin tsarin mulkin zamani sun haɗa ayyukan biyu a hannu ɗaya, shi ya sa ake shiga ta-ɓaci cikin dare guda amma fitarta ta ɗauki shekaru. A Jamus, sashe na 48 na tsarin mulkin 1919, wanda ake kira na Weimar, ya ba shugaban ƙasa damar mulki da doka ta gaggawa, kuma shugaban farko, Friedrich Ebert, wanda ba wanda ke shakkar kishinsa ga dimokuraɗiyya, ya yi amfani da shi fiye da sau 100. Mutane suka saba. Da aka ƙona ginin majalisa a Fabrairun 1933, washegari aka fitar da dokar da ta dakatar da 'yancin magana da na taro da na jarida a ƙarƙashin wannan sashe, kuma ba a janye ta ba har mulkin Hitler ya faɗi a 1945. A Masar an kafa dokar ta-ɓaci a 1981 bayan kisan Anwar Sadat, aka yi ta sabunta ta har 2012. Yaron da aka haifa a shekarar da aka kafa ta ya haura shekara 30 bai taɓa zama a ƙarƙashin dokar yau da kullum ba.

Akwai wata hanya mafi laushi, wadda ta fi yawa a ƙasashen da ke da kotuna da majalisu masu aiki. Faransa ta ayyana ta-ɓaci a Nuwamban 2015 bayan hare-haren Faris da suka kashe mutum 130. Majalisa ta yi ta tsawaita ta har shekara 2, aka yi binciken gidaje fiye da 4,000 ba tare da takardar alƙali ba, kuma kaɗan ne ƙwarai daga ciki suka kai ga tuhumar ta'addanci. Tun a makonnin farko aka yi amfani da dokar aka hana wasu masu fafutukar kare muhalli fita daga gidajensu lokacin taron sauyin yanayi na Faris, mutanen da ba abin da ya haɗa su da harin. Da aka tashi janye ta a ƙarshen 2017, sai aka kwashe wasu daga cikin matakanta aka zuba a dokar dindindin. An cire sunan, an bar yawancin kayan. Iko irin wannan kamar tsani ne da aka jingina a katanga don a kashe gobara: gobarar za ta mutu, amma in ba a ɗauke tsanin ba, duk wanda ya zo wucewa yana iya hawa. Birtaniya ma, a 2008, da dokar yaƙi da ta'addanci ta 2001 ta hana taɓa dukiyar wani bankin ƙasar Iceland da ya durƙushe, abin da ya fusata mutanen ƙasar matuƙa.

Mai karatu zai ce ai don haka aka yi kotu. Gaskiya ne, amma tarihin kotuna a tsakiyar firgici ba abin alfahari ba ne, kuma Indiya ce ta fi nuna wannan ƙarara.

A 25 ga Yunin 1975 Firaminista Indira Gandhi ta sa aka ayyana ta-ɓaci, kwanaki kaɗan bayan wata babbar kotu ta soke zaɓenta. Aka kame jagororin adawa cikin dare, aka yanke wa gidajen jaridu na Delhi wutar lantarki, aka tsare dubun-dubatar mutane. Iyalan waɗanda aka tsare suka garzaya kotuna suna neman abu ɗaya mai sauƙi: a fito da mutumin gaban alƙali a faɗi dalilin tsare shi. Manyan kotunan jihohi da dama suka ce suna da wannan haƙƙi. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ƙoli. Ana cikin sauraro sai Mai Shari'a H. R. Khanna ya tambayi babban lauyan gwamnati ko hujjarsa na nufin cewa in ɗan sanda ya kashe mutum saboda wata gaba ta ƙashin kansa, nan ma ba inda za a kai kuka. Lauyan ya amsa cewa bisa hujjar tasa, muddin ta-ɓaci na aiki, haka ne. A Afrilun 1976 alƙalai 4 cikin 5 suka ba gwamnati gaskiya. Khanna kaɗai ya ƙi. Shi ne ke kan layin zama Alƙalin Alƙalai, da lokaci ya yi aka tsallake shi aka ba na bayansa, shi kuma ya ajiye aiki. Sai a 2017 Kotun Ƙolin ta fito fili ta ce wancan hukunci kuskure ne, kuma cikin waɗanda suka rubuta hakan akwai D. Y. Chandrachud, ɗan ɗaya daga cikin alƙalai huɗun da suka yanke shi. Shekara 41 ke nan tsakani.

Abin da ya kawo ƙarshen ta-ɓacin Indiya akwatin zaɓe ne. Indira Gandhi ta kira zaɓe a 1977 ta sha kaye, sabuwar majalisa kuma ta yi wa tsarin mulki kwaskwarima a 1978. Ta cire kalmar "hargitsin cikin gida" daga dalilan ayyana ta-ɓaci ta maye gurbinta da tawaye da makami, ta wajabta a samu shawarar majalisar ministoci a rubuce, ta kuma hana a sake dakatar da haƙƙin rai da na walwala ko da a cikin ta-ɓaci.

Tambaya ta biyu, wato wa ke ganin hujja, ita ce ta fi wuya, domin sirri shi ne ainihin kayan aikin tsaro. Alƙali ba shi da 'yan leƙen asiri. Idan janar ya ce masa akwai haɗari amma ba zai iya nuna takardun ba, yakan ji nauyin musantawa, don in ya yi kuskure jinin mutane zai hau kansa. A 1942, bayan harin da Japan ta kai sansanin sojan ruwa na Pearl Harbor, Amurka ta kwashe mutum kusan 120,000 'yan asalin Japan daga gaɓar yamma ta zuba su a sansanoni, kuma kusan kashi biyu cikin uku 'yan ƙasa ne. Kotun Ƙoli ta amince a 1944 a shari'ar Fred Korematsu, ɗaya daga cikinsu da ya ƙi bin umarnin, bisa hujjar larurar soja. Bayan kusan shekara 40 masu bincike suka tono takardun da suka nuna cewa hukumar leƙen asirin sojan ruwa ta riga ta rubuta cewa babu buƙatar kwashe mutanen gaba ɗaya, kuma lauyoyin gwamnati sun san da rahoton suka ɓoye wa kotu. An soke hukuncin da aka yi wa Korematsu a 1983. A 1988 gwamnati ta nemi gafara ta kuma amince za ta biya kowane mai rai cikin waɗanda aka tsare dala 20,000. Da yawa sun riga sun rasu.

Wannan labari ya maimaita kansa da wata kama bayan harin 11 ga Satumban 2001. An sa hannu a dokar da ake kira Patriot kimanin mako 6 bayan harin, kuma a ƙarƙashin sashe na 215 nata hukumar leƙen asiri ta NSA ta riƙa tattara bayanan kiran wayar Amurkawa baki ɗaya: wa ya kira wa, yaushe, na tsawon wane lokaci. Akwai kotun da ke ba da izini, amma a asirce take zama, kuma ɓangaren gwamnati kaɗai take saurare. A Maris na 2013 wani sanata ya tambayi shugaban hukumomin leƙen asiri, James Clapper, a gaban kyamara, ko ana tattara bayanan miliyoyin Amurkawa, ya ce a'a. Bayan wata 3 Edward Snowden, wani ma'aikacin kwangila na NSA, ya fallasa takardun. Hukumar da aka ɗora wa sa ido kan 'yancin jama'a ta duba shirin a 2014 ta ce ba ta ga ko da misali ɗaya da ya kawo wani sauyi na a-zo-a-gani a binciken ta'addanci ba, wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2015 dokar ma ba ta ba da wannan izini ba, majalisa kuma ta sauya tsarin a shekarar. Mutum na iya ganin laifin Snowden ko ya yaba masa, wannan muhawara ce ta daban. Abin lura shi ne kotu da majalisa da hukumar sa ido duk suna nan, amma ba wanda ya motsa sai da wani ya karya doka ya fito da takardun.

A nan ne nake ganin masu cewa a zaɓi ɗaya tsakanin 'yanci da tsaro suke kauce wa batun. Hukumar da ba a tambayarta ba ta da hanyar gane cewa ta kama wanda bai ji ba bai gani ba, kuma kowane irin wannan kamu yana da farashi a fagen tsaron kansa. A Agustan 1971 aka fara tsare mutane ba tare da shari'a ba a Ireland ta Arewa, yankin da ke ƙarƙashin Birtaniya. A ranar farko aka kama mutum 342 da jerin sunayen da ya tsufa, har aka saki da yawa cikin kwanaki don ba su da alaƙa da ƙungiyar IRA mai yaƙar mulkin Birtaniya da makami. Kafin a daina a 1975 an tsare kusan 2,000, mafi rinjayensu Katolika. Shekarar da ta biyo bayan fara kamun, 1972, ita ce mafi muni a duk tsawon rikicin, an kashe mutum kusan 500, kuma matasa suka yi ta kwarara cikin ƙungiyar da aka ce za a murƙushe. A watan Janairun shekarar ne sojoji suka harbe mutum 13 a Derry a wajen zanga-zangar adawa da wannan tsarewa. Binciken farko ya wanke sojojin cikin 'yan makonni. Na biyu ya fito a 2010 ya ce ba ɗaya daga cikin waɗanda aka kashe da ke barazana ga kowa, Firaministan Birtaniya David Cameron ya tashi a majalisa ya nemi gafara. Mutumin da aka ɗauke masa ɗan'uwa ba dalili ba zai je ofishin 'yan sanda gobe ya ba da labarin abin da ya gani ba, alhali da irin wannan labari ake kama masu laifi na gaske.

Saboda haka ƙasashen da suka ɗanɗana kuɗarsu sukan daina dogaro da kyawun halin shugaba ko jarumtar alƙali guda, su rubuta matakan tun kafin ranar firgici. Afirka ta Kudu, wadda ta sha ta-ɓaci a ƙarshen mulkin wariyar launin fata, ta yi wannan aiki filla-filla a sashe na 37 na tsarin mulkinta na 1996. Ta-ɓaci ba ta wuce kwana 21 sai majalisa ta tsawaita, kuma ba a tsawaita ta fiye da wata 3 a lokaci guda. Karo na farko rinjaye ya isa, amma daga na biyu sai an samu kashi 60 cikin 100 na 'yan majalisa. Wato duk daɗewar ta-ɓacin, ƙara wuya take yi ga mai son ci gaba da ita. Kotu na da ikon duba ko ayyanawar ma halastacciya ce. Wanda aka tsare dole a sanar da danginsa, a buga sunansa da inda yake a jaridar gwamnati cikin kwana 5, a kai batunsa gaban kotu cikin kwana 10. Kuma an hana kafa dokar da za ta yafe wa jami'i laifin da ya aikata da sunan ta-ɓaci. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi ƙarfin yadda ake ganinsa, domin jami'in da ya san ba za a share masa laifi daga baya ba yakan yi tunani sau biyu kafin ya ɗaga hannu.

Kanada ta bi ta wata hanyar. Bayan kamun mutum kusan 500 a Quebec a 1970, waɗanda aka saki yawancinsu ba tare da tuhuma ba, ta kafa sabuwar doka a 1988 da ta ce duk gwamnatin da ta yi amfani da ikon gaggawa dole a kafa kwamitin bincike a kanta bayan an gama. Da aka yi amfani da dokar karo na farko a 2022, Firaminista Justin Trudeau da kansa ya zauna gaban kwamitin ya amsa tambayoyin lauyoyi a bainar jama'a. Batun toshe intanet ma ya fara samun irin wannan iyaka. Kotun Ƙolin Indiya ta ce a Janairun 2020, kan rufewar Kashmir, dole a buga umarnin toshewa a fili don a iya ƙalubalantarsa, kotun ECOWAS kuma ta ce a shekarar toshewar da Togo ta yi a 2017 ta saɓa doka.

Amfanin rubuta irin waɗannan sharuɗɗa ya bayyana a Koriya ta Kudu a daren 3 ga Disamban 2024. Shugaba Yoon Suk Yeol ya ayyana dokar soja da misalin ƙarfe 10:30 na dare, yana zargin 'yan adawa da yi wa ƙasa zagon ƙasa. Tsarin mulkin 1987, wanda aka rubuta bayan shekarun mulkin soja, ya ce in rinjayen majalisa ya nemi a janye dokar, shugaba ba shi da zaɓi. 'Yan sanda suka tare ƙofofin majalisa, 'yan majalisa suka riƙa haura shinge, har da kakakinsu, ma'aikata kuma suka jibge kujeru da tebura a ƙofofi don tare sojojin da suka fasa taga. Da misalin ƙarfe 1 na dare mutum 190 suka kaɗa ƙuri'a, ba ko ɗaya da ya goyi bayan dokar. Kafin gari ya waye an janye ta, kuma a Afrilun 2025 kotun tsarin mulki ta tabbatar da tsige shi.

Sai dai kada a ɗauki wannan a matsayin gwaji mai tsanani. A Koriya ba bam da ya tashi, ba gawa a titi, don haka jama'a ba su firgita ba, sun fusata ne. Gwajin gaske shi ne ranar da barazanar ta tabbata, mutane na binne 'yan'uwansu, kuma waɗanda ake zargi mutane ne da ba wanda ke son a gan shi yana kare su. A irin wannan yanayi aka buɗe sansanin Guantanamo a Janairun 2002, a wajen ƙasar Amurka da gangan don kada kotunanta su sa baki. Mutum kusan 780 suka ratsa ta cikinsa, aka saki mafi yawansu ba tare da an tuhume su da komai ba. Sai a 2008 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa tsarin mulki ya ba su haƙƙin ƙalubalantar tsare su. Rahoton majalisar dattawa na 2014 ya bayyana irin azabar da hukumar CIA ta gana wa wasunsu a gidajen yarin sirri, ya kuma ce hanyar ba ta samar da bayanan da aka yi ta iƙirarin ta samar ba. Mutanen da ake zargi da kitsa harin Satumba suna hannu tun 2002 da 2003, amma shekara fiye da 20 bayan harin ba a fara ainihin shari'arsu ba, kuma babban abin da ya ɗaure ta shi ne gardamar ko za a karɓi maganar da mutum ya faɗa bayan an azabtar da shi. Iyalan mutum kusan 3,000 da suka mutu a harin suna cikin masu jiran wannan hukunci.